Kun Tambaya, Mun Amsa: Sayen Gida da Zama a Bakin Tafki

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo daga Garwa da Marwa da Lagdo da Kuseri, duk a arewacin Kamaru, sun haɗu a kan magana guda, wato sayen gida ko fili a ƙauyukan bakin tafki da kuma yadda zama yake a can. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Ta farko ce za ta fi cin wuri, domin abin da ke cikinta ya shafi sauran ukun.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, na shekara talatin ina sayar da yadi, yanzu ƙarfi ya fara ja baya, ina so in bar wa yara shago in koma wuri mai natsuwa. A watan Maris na je wani ƙauye a bakin tafkin Lagdo, aka nuna mini gida mai ɗaki huɗu na bulo da kwano, da fili a bayansa wanda ya gangara wajen ruwa. Mai gidan masunci ne da ke son komawa garinsu. Ya yi mini kuɗi sefa miliyan biyu da rabi, ya nuna mini takarda mai hatimin jauro, ya ce in kawo rabin kuɗin kafin damina domin akwai wani mai so. Shin in biya? Daga wani Alhaji a Garwa.

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a gama lafiya. Shawarata ita ce kada ka biya rabin kuɗin nan yanzu, kuma kada ka biya komai mai nauyi sai ka sake ganin gidan da idonka a watan Satumba. Ka gan shi a watan Maris, lokacin da tafkin ya ja baya, ƙasa ta bushe, hanya ta yi kyau, sauro ya ragu, wato ka gan shi a ranar adonsa. Wanda ya sayi gidan bakin ruwa da rani bai san abin da ya saya ba tukuna, ko da kuwa ya shiga kowane ɗaki ya ƙwanƙwasa kowane bango.

Dalili shi ne tafkin Lagdo ba tafkin asali ba ne. Madatsa ce aka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, wani kamfanin ƙasar Sin ya yi aikin, aka sa mata injina huɗu masu ba da wutar lantarki megawat 72 ga arewacin Kamaru. Ruwan da ta tare yana hauhawa da damina, ya kai ƙololuwa wajen Satumba zuwa Oktoba, sannan ya yi ta sauka cikin rani yayin da injina ke sha, rana kuma na ƙonawa. Da yake gaɓar tafkin a wurare da yawa shimfiɗaɗɗiya ce, hawan ruwa na kamu kaɗan yana iya cinye fili mai nisa sosai. Filin nan da aka nuna maka a bayan gida, wanda ka ce ya gangara wajen ruwa, mai yiwuwa ne rabinsa ko dukkansa hanyar kwale-kwale ne wata uku a shekara. Idan kuma ƙauyen yana ƙasan madatsar ne, haɗarinsa na daban ne: a shekarun da ruwa ya yi yawa akan buɗe ƙofofi don kada madatsar ta karye, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022, kuma mutanen gaɓar Binuwai daga nan har Nijeriya ba su manta da waɗannan shekaru ba.

Idan ka koma, ka bar dillali a mota, ka zagaya kai kaɗai. Ka dubi gindin bango ta waje da ta ciki: ruwan da ya taɓa kwana a gida yakan bar zane a miƙe, launin ƙasa-ƙasa, wanda ba ya ɓoyuwa sai da sabon yaɓe, shi ya sa bangon da aka sabunta yaɓensa daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, aka bar sama da tsohon launi, abin tambaya ne. Ka dubi ƙasan ƙyauren ƙarfe ko tsatsa ta cinye shi. Ka dubi gindin tsamiya ko giginyar da ke kusa, domin itace ba ya yi wa kowa kara. Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba gida a irin wannan wuri, mai gidan yana ta rantsuwa cewa ruwa bai taɓa taka ƙofarsa ba, sai ɗan'uwan nawa ya sunkuya a tsakar gida, ya tona ƙasa da ɗan tsinke, ya fito da katantanwa cike da tafin hannu, ƙanana farare irin waɗanda ba sa rayuwa sai cikin ruwa. Bai ce komai ba, ya zuba su a aljihu, muka yi sallama. Bayan haka ka nemi tsofaffin mata masu bandar kifi da limamin unguwa, ka tambaye su inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022. Kada ka tambaye su ko ruwa yana zuwa, domin za su ji nauyin maƙwabcinsu. Ka roƙe su su nuna maka wurin da ya tsaya da ƙafarsu.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Takardar jauro, wato mai garin, tana da amfani, kuma ba na raina ta: ita ce shaidar cewa gari ya san da zamanka, kuma ba wanda zai zauna lafiya a ƙauye ba tare da yardar jauro da lawan da fadar lamiɗo ba, da ɗan gari akan ci gari. Amma a idon dokar Kamaru ba ita ce shaidar mallaka ba. Dokokin ƙasa na ranar 6 ga Yuli 1974 sun raba ƙasa gida uku: wadda take mallakin wani da takardar rajista, wadda take ta hukuma, da kuma sauran duka, wadda ake kira ƙasar al'umma, hukuma ce ke riƙon ta. Takarda ɗaya tak doka ta sani a matsayin shaidar mallakar fili, ita ce titir fonsiye. Dokar ta kuma ce cinikin fili ba ya inganta sai a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta ciniki ya tabbatar da shi, kuma sayar da filin da ba shi da rajista ɓataccen ciniki ne. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, idan masuncin nan ba shi da titir, abin da zai miƙa maka shi ne ginin da ya yi da kuma zaman da gari ya yarda masa, amma ƙasar ba tasa ba ce ballantana ya sayar. Mutane da yawa suna saye a haka suna kuma zaune lafiya shekara da shekaru, ban musa ba, sai dai ya kamata farashin ya zama farashin bulo da kwano da zaman amana, kada a karɓi kuɗin mallaka a hannunka a ba ka aro.

Akwai wani abu da dillalai ba sa faɗa. Hanyar samun titir kai tsaye, wadda dokar 27 ga Afrilu 1976 ta tsara aka kuma gyara ta a Disamba 2005, an buɗe ta ne ga wanda ya zauna a fili ko ya raya shi tun kafin 5 ga Agusta 1974. To tafkin Lagdo kansa bai wanzu ba a lokacin, kuma ƙauyukan masunta da yawa da ke gaɓarsa an kafa su ne bayan ruwa ya taru, da mutane suka zo daga yankin kogin Logon da tafkin Chadi da Nijeriya suna bin kifi. Saboda haka filin da aka fara zama a cikinsa bayan wancan lokaci yakan bi ta wata hanya ce daban, wadda ake kira konsesiyon: ka nemi hukuma ta ba ka filin na wucin gadi, tsawon da bai wuce shekara biyar ba, ka raya shi kamar yadda ka yi alkawari, sannan a tabbatar maka da shi har ka samu titir. A kowace hanya ka bi, akwai kwamitin da su-firefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gundumar, ke shugabanta, da ma'aikatan filaye da na awo, da sarkin garin da dattawansa biyu, wanda zai taka ya zo filin, ya ji ta bakin maƙwabta, a kafa turakun siminti a iyakoki, a buga sanarwa a jira ko akwai mai ja. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗin zirga-zirga, amma shi ne bambancin abin da za ka bar wa 'ya'yanka da abin da za su yi ta shari'a a kansa.

Ka kuma sani cewa akwai filin da ba ya samun titir ko da wa ya sa hannu. Gadon tafki har zuwa inda ruwa yake kaiwa a cikarsa na jama'a ne, haka ma gaɓar kogin da jirgi ke bi, har da mita 25 daga iyakar cikar ruwansa. Ga kuma filayen da hukuma ta keɓe domin madatsar da gonakin ban ruwa da ke ƙasanta. Kafin ka ƙara magana da mai gidan, ka je ofishin filaye da na kadastar, wato na awon filaye, a Garwa da sunan ƙauyen da kwatancen wurin, ka tambaya ko yana cikin ɗaya daga waɗannan, kuma ko wani ya riga ya shigar da takarda a kansa.

Sannan ka binciki mai sayarwa kamar yadda ake binciken mai neman aure. Shi ya gina gidan ko gado ne? Idan gado ne, an raba? Gidan da ba a raba ba, ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da shi, kuma malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin haƙƙin shuf'a, wato abokin tarayya a cikin gida ko gona yana da damar karɓar kason da aka sayar wa bare ya mayar masa da kuɗinsa. Na ga an tashi mutum daga gidan da ya biya saboda wata 'yar marigayi da ke aure a nesa ba a nemi yardarta ba. Ka tambaya ko gidan yana hannun jingina, domin masunta sukan ci bashin kayan aiki a wurin dillalan kifi. Ka tambaya ko burtali ko mashaya ta bi ta filin, domin da rani makiyaya suna gangarowa tafkin da garkunansu, kuma hanyar da shanu suka saba bi ba ta canzawa don an yi sabon mai gida.

Game da cewa akwai wani mai so, wannan magana ce da kai ma ka san ta a kasuwa. Idan zuciyarka ta kwanta da wurin, ka ba da ɗan kafin alƙalami wanda ba zai dame ka ba idan ya salwanta, a rubuta cewa ciniki zai kammala ne bayan damina da kuma bayan binciken ofis, idan aka samu cikas a mayar maka. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umurce mu da rubuta bashi da kafa shaidu idan muna ciniki, saboda haka ba rashin yarda ba ne ka nemi a yi shi a gaban jauro da liman da maƙwabtan iyakoki huɗu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Mafi kyau ma, ka roƙe shi ya ba ka hayar ɗaki ɗaya ka yi damina guda a can. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Maigidana ya samu gida a Maga yana so mu tashi daga Marwa mu koma, domin yana sayen shinkafa da kifi a can, zirga-zirga ta ishe shi. Muna da yara huɗu, babban shekararsa goma sha ɗaya, ƙaramar tana goye. Ni ban ƙi bin sa ba, amma ina jin tsoron ruwa da cututtuka. Me ya kamata in sani? Daga wata uwargida a Marwa.

Amsa

Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Tsoronki yana kan hanya, kuma irin tsoron da ke sa a yi shiri ne, don haka kada kowa ya ce miki kin cika zulumi. Tafkin Maga shi ma na madatsa ne: a 1979 aka yi doguwar ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita 27 tsakanin Girbidik da Pus domin a shayar da gonakin shinkafar kamfanin SEMRY, ruwan kuma yana shigowa daga Logon da kuma rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara. Garin Maga da gonakin suna bayan wannan ganuwa ne, wato ruwan da ke cike yana tsaye ne a saman unguwanni da yawa. A 2012 an shiga fargaba ƙwarai har aka kwashe mutane, daga baya aka yi aikin gyara ganuwar da ta Logon da tallafin Bankin Duniya, amma ambaliyar 2022 da ta 2024 sun sake nuna cewa yankin Mayo-Danay, inda Maga take, wuri ne na ruwa. Abu na farko da za ki tambayi maigida shi ne: gidan a tudu yake ko a kwari, kuma idan ruwa ya zo da dare, ina za a nufa da yara, ta wace hanya? Ki nemi ya kai ki ki gani da damina kafin a kwashe kaya.

Ƙasar yankin baƙar laka ce, irin wadda ake dasa masakwa a cikinta. Tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage da rani har hannu yana shiga, kuma wannan motsi shi ke fasa bango. Ki dubi kusurwoyin ɗakuna da saman ƙofofi. Tsagar da ta tashi daga ƙasa ta yi sama a karkace alama ce ta cewa tushen ginin bai yi zurfi ba. Ɗaɓen ɗaki ya kamata ya ɗara tsakar gida tsawo sosai, tsakar gida kuma ta ɗara hanya.

Cutar da na fi so ki sani ita ce tsargiya, domin ita ce cutar yaran bakin tafki da magudanan shinkafa. Ba ta shan ruwa kawai ake kamuwa ba, kamar yadda wasu ke zato. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwa, ta fito ta yi iyo, ta huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko kamun kifi. Bayan makonni ko watanni sai ki ga yaro yana fitsari da jini a ƙarshensa, ko yana ciwon ciki yana ramewa. A wasu ƙauyuka an saba ganin haka har ana ɗaukar sa alamar girman namiji, alhali cuta ce da ke lalata mafitsara da hanta idan ta daɗe, kuma tana taɓa mata har ta shafi haihuwa. Maganinta ƙwaya ce mai suna Praziquantel, ana raba ta a makarantu, ana kuma samun ta a asibiti. Kada ki hana yaranki karɓa, kuma idan kin ga alamar jini kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Ɗan shekara goma sha ɗaya ba zai ga abokansa suna iyo da zafin Afrilu ya tsaya a gefe ba, wannan kin fi ni sani, don haka ki haɗa hani da dubawa a kai a kai. Idan dole ta sa an ɗebo ruwan tafki don wanka, a dafa shi ko a bar shi a randa kwana biyu kafin a yi amfani da shi, domin ƙwayar ba ta daɗewa a raye idan ba ta samu jikin mutum ba.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa a bakin gonakin shinkafa ba ya ɗaukewa da ɗaukewar ruwan sama kamar yadda yake raguwa a Marwa. Kowane gado ya samu gidan sauro mai magani, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa tun kafin magariba. Ma'aikatan lafiya suna bin gida-gida da damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata, kuma tun Janairu 2024 Kamaru ta fara allurar rigakafin wannan zazzaɓi ga jarirai, saboda haka ki tambaya a asibitin yankin ko 'yar goyonki tana cikin waɗanda za a yi wa. Ruwan sha ya zama na rijiyar burtsatse, ko a tafasa, ko a sa masa maganin tsarkakewa, domin kwalara takan biyo bayan ambaliya lokacin da masai ya cika ya haɗu da rijiya. Ki auna da taku tsakanin masan gidan da rijiyarsa. Abin da masana ke so shi ne kimanin mita 30, kuma masan ya kasance ta gangare.

Akwai dorina a tafkin, kuma takan fito kiwo da dare har cikin gonaki. Kada a aiki yaro bakin ruwa da asuba ko bayan faɗuwar rana. Maƙwabtanki da yawa za su kasance Musgum da Kotoko da Fulani da Larabawan Shuwa, mutanen da suka san ruwan nan tun kakanni. Ki kai musu gaisuwa da abincin baƙunta tun makon farko, domin matan da za su buga miki ƙofa da tsakar dare su ce ruwa yana tahowa su ne waɗannan. Kuma ki tuna wa maigida cewa gonakin shinkafar da ke cikin filin SEMRY ba na sayarwa ba ne. Kamfanin ke raba wa manoma suna biyan kuɗin ruwa da aiki, don haka idan an haɗa masa gida da gona a ciniki ɗaya, ya tsaya ya bincika.

Tambaya ta uku

Ni haifaffen Jimeta ne, shekarata goma sha biyar ina sayen banda a Lagdo, matata 'yar nan ce, amma takarduna na Nijeriya ne. Zan iya sayen gida da sunana? Daga wani ɗan'uwa a Lagdo.

Amsa

Malam, dokar Kamaru ba ta hana baƙo mallakar gida ba, amma ta gindaya masa sharuɗɗa biyu da ɗan ƙasa ba shi da su: cinikin yana buƙatar amincewar ministan filaye kafin ya inganta, kuma ba a yarda baƙo ya sayi fili a yankunan kan iyaka ba. Hanyar rajista kai tsaye da na ambata wa Alhaji a sama ta 'yan ƙasa ce. Saboda haka abin da ya fi maka tsaro shi ne ka nemi gidan da ya riga ya samu titir, ka yi ciniki a gaban noter a Garwa, shi zai gaya maka matsayin wurin ya kuma tura takardun, sannan ka tabbata katinka na zama bai ƙare ba. Mutane da yawa a irin halinka sukan sa sunan mata ko suruki ko amini. Idan ka sa sunan matarka, ka sani cewa a doka gidan nata ne, kuma ranar rabon gado a haka za a ɗauke shi. Idan kyauta ka yi niyya, madalla, ka faɗa a gaban shaidu. Idan kuwa ba kyauta ba ce, ka rubuta gaskiyar lamarin tun kuna raye, kowa ya sani, don kada 'ya'yanka na Jimeta da na Lagdo su yi baram-baram a kan abin da ka tara domin su.

Tambaya ta huɗu

Malam, ni saurayi ne a Kuseri, na tara kuɗi kaɗan. An yi mini tayin fili mai faɗi a wajen tafkin Chadi da araha ƙwarai, an ce masara da wake suna yi ba taki, kifi kuma a bakin ƙofa. Ina so in gina in zauna. Daga wani matashi a Kuseri.

Amsa

Ƙanena, abin da aka gaya maka game da albarkar ƙasar gaskiya ne, domin inda ruwa ya janye yakan bar danshi da taki, kuma da shi dubban iyalai suke ci. Amma ka tambayi kanka daga ina filin ya fito. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi zuwa ɗan kaso kaɗan na hakan, mutane suka bi ruwan suna kafa garuruwa a kan gadonsa. Yankin Darak misali ne: zaman da aka yi a can ya jawo takaddama tsakanin Kamaru da Nijeriya har sai da kotun duniya ta yanke hukunci a ranar 10 ga Oktoba 2002. Mafi yawan ruwan tafkin daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, kuma a shekarun da suka cika, kamar 2022 da 2024, ruwa yakan koma wuraren da aka daɗe ana nomawa. Filin da ke cikin gadon tafki ana noma shi ne da izinin bulama ko sarkin yankin shekara-shekara, ba a mallakarsa, kuma gini mai tsada ba ya dacewa da shi. Wannan ne ya sa mazauna can suke yin ɗakunan kara da zana waɗanda ake iya ɗagawa, su ajiye gidan bulo a gari kamar Makari ko Kuseri.

Sai maganar tsaro, wadda ba zan ɓoye maka ba: tun shekaru fiye da goma hare-haren Boko Haram suka addabi tsibiran tafkin da gaɓarsa a Kamaru da Chadi, an raba mutane da yawa da gidajensu, kuma wani filin da ake tallarsa da araha yana da mai shi, wanda ya yi gudun hijira yana jiran ranar komawa. Ka tambayi bulama a gaban dattawa wane ne ya noma filin kafin rikici, kuma ina yake yanzu. Idan yana raye, ka neme shi ko magadansa ka karɓi aro ko haya daga hannunsu. Ka fara da noman shekara ɗaya kana kwana a wurin wani amintacce a garin, ka riƙe sauran kuɗinka a Kuseri, sannan bayan ka ga cikar ruwa ɗaya da janyewarsa ɗaya, ka sake rubuto mana mu duba maganar gini.